Ƙugiyar da Ba Ta Haye Teku Ba

An yi mini jika namiji, baƙi wuluk, mai cikar gashi, yau kwanansa goma sha ɗaya a duniya. Bayan haka ina gaisuwa, Malam mai filin shawarwari, ina kuma roƙo ka taimake ni, don murnar nan tawa ta kashe auren ɗana.

Ni dattijo ne a Tudun Wadar Zariya, sana'ata dukanci. Sai da furfura ta cika mini gemu na shiga ajin yamma na yaƙi da jahilci wajen Malam Obadiya, shekara biyu ke nan. A ajinmu ba wanda ya kai ni iya lanƙwasa ƙugiyar ƙa da ɗa.

Ɗana Salmanu yana fataucin goro a Kumasi, wata bakwai rabonsa da gida. Matarsa Atika 'yar aminina Ɗantsoho ce, shekararsu tara ba haihuwa sai bana. Ranar da ta sauka na ce ba mai gaya masa sai ni, da rubutun hannuna. Na tafi gidan waya don in buga masa telegiram, na cika takarda tun daga sallama. Akawun, wanda ba ya jin Hausa, ya ƙirga kalmomi da bakin alƙalami ya faɗi kuɗin da ya fi ƙarfina. Ta bakin tafinta ya ce wayar ba tasu ba ce su kaɗai. Daga Ikko za su miƙa ta ga wani kamfani ya haye da ita teku, can kuma wasu su karɓa, kowa da rabonsa a kan kowace kalma. Sai na shiga yankewa. Na cire sallama. Na cire "ta haihu", don ina jin nauyin faɗin haka a kan surukata. Na cire "an samu". Abin da ya rage shi ne: ATIKA ƘARUWA ZO KA GANI. Na yi wa ƙa ƙugiyarta mai kyau. Da sauran kuɗin na biya masa amsa ta kalma uku tun daga nan.

Amsar ta iso da safiyar suna, ana cikin rabon goro. NA SAKE TA. Na cusa takardar cikin hula na ci gaba da karɓar barka.

Malam Obadiya ne ya gane abin da ya faru. Ya ce waya ba ta da baƙi mai ƙugiya, ka ɗinta ɗaya ce. Kai ma, Malam mai shawara, ka karanta saƙon nan babu ƙugiya ka ji abin da na kira 'yar mutane. Salmanu bai iya boko ba, wani ne ya karanta masa, wataƙila a tsakiyar zango.

Na koma gidan waya su gyara. Suka ce kalma biyar suka miƙa, biyar aka karɓa, lissafin kowane ɓangare ya yi daidai, saboda haka a wurinsu babu kuskure. Atika tana wankan jego, kullum tana tambayar matata Larai ko an ji daga Kumasi. Ɗantsoho ya kawo rago da kansa, na kasa haɗa ido da shi. In faɗa musu, ko in yi shiru har Salmanu ya dawo? Sakin nan ya yi kuwa?

Duk da haka yaron yana nan lafiya, jiya ya kama mini yatsa ya ƙi saki. Duk wanda ya biyo ta Tudun Wada ya shigo ya gan shi, ƙofa a buɗe take.

Kakan Jariri, Tudun Wada

Baba, barka da samun jika. Na sauya sunayen, na kuma cire kwatancen gidanka, don wannan ba lokacin tara jama'a ba ne.

Ka daina zirga-zirgar gidan waya. Masu miƙa wa juna saƙo sun yi yarjejeniya a kan baƙaƙen da za su ɗauka da yadda za su ƙirga kalma su raba kuɗi. Baƙi suke ɗauka, ba ma'ana ba. Da akawun ya ji Hausa da ya tsayar da kai, amma bai karya ƙa'idarsu ba. Kai ma ba ka yi da nufi ba, sai dai kalmomin da ka yanke su ne masu ɗauke da labarin. Salmanu kuwa ya ji abin da zai girgiza kowane miji, daga bakin ubansa. Amma zaman shekara tara ya fi ƙarfin a yanke shi ba tambaya, kuma ka gaya masa haka.

Gobe da safe ka sake buga waya, ko da sai ka sayar da fata. Kada ka sa kalma mai ƙugiya, har "ɗa", don za ta isa a matsayin "da". Rubuta: ATIKA TA HAIHU NAMIJI LAFIYA WAYAR FARKO KUSKURENA CE TAKARDA NA TAFE. Wasiƙar a yi ta da ajami, ya karanta da idonsa, ya kuma nemi wanda ya karanta masa ta farko ya warware maganar a inda aka ji ta.

Batun saki ba ni da hurumin fatawa. Ka kai wa limaminku takardun biyu a makon nan, ya duba hukuncin sakin da aka yi bisa kuskure da maganar kome tun idda ba ta cika ba.

Shiru kuwa ba zai yiwu ba. Fatake suna hanya, kuma in maganar ta riga ka shiga Zariya, ba Atika kaɗai za ta taɓa ba, har asalin yaron za a sa wa baki. Ka je wurin Ɗantsoho yau, ka fara da laifinka. Daga nan ku zauna da Larai ku gaya wa Atika, da bakinka, kada ka aika. Tana iya yin fushi, tana ma iya cewa sai ta yi tunani kafin ta koma. Kada ka tsananta mata, ita aka ɓata wa suna.

Allah Ya raya yaro, Ya sanyaya zuciyar uwarsa, Ya ba ka ƙarfin tsayawa a zauren amininka.