Ciwon Ƙirjin Malam

Daren Laraba, Sandamu

Na gaji. Yau ma Malam ya dawo daga gona dafe da ƙirji, yana gumi, wai ƙwannafi ne. Yayarsa Binta ta jiƙa masa kanwa, tana cewa, "Ƙosan safe ne. Ke dai karance-karance sun yi miki yawa."

Na ce, "Yaya, ƙwannafi bayan cin abinci yake taso masa, ko in ya kwanta. Wannan kuwa sai ya dage da noma yake danne shi, ya gangara hannun hagu, in ya huta ya lafa. Zuciya nake tsoro."

Malam ya ce asibiti sai bayan girbi. Ni kuwa na riga na ce wa mai babur ya zo da sassafe, Daura za mu. Fushinsa zan iya ɗauka, takaba ce ba zan iya ba.