Bindigar da Ka Bari a Rumbu

Zango, ƙasar Daura

Zuwa ga Yaya Sabiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan mun gode Allah, gero ya yi kyau, ƙafar Inna ma da sauƙi. Sai dai hankalinmu a tashe yake, ni kam na kasa zaune na kasa tsaye. A waya kuka zai hana ni magana, shi ya sa na rubuto.

Yaya, Baba yana gidan yari. Bayan wani fashi da aka yi a hanyar Mai'adua, jami'an tsaro sun bi gida-gida, suka zaro bindigar tokar da ka cusa a tsohon rumbu lokacin da ka bar aikin sintiri ka tafi Fatakwal. A kotu alƙali ya tambaye shi ko tasa ce. Ka san Baba da taurin kai. Ya ce duk abin da ke gidansa nasa ne, ko allura ce, don maigida ba ya nuna ɗansa da yatsa a bainar jama'a. Shi a ganinsa dattako ya yi, su kuwa suka rubuta ya amsa laifi, aka ɗaure shi shekaru.

Lauyar da muka samu, Malama Zubaida, ta ce a ɗaukaka ƙara. An hukunta shi ne kamar mai bindigar yaƙi, alhali wannan ta maharba ce da ake ɗura wa albarushi ta baki. Ba wanda ya gwada ko tana tashi, duk da tsatsa ta cinye ta, kuma ba a fahimtar da shi abin da amsarsa za ta jawo ba. Ta ce da waɗannan ana iya rage masa ɗaurin. Amma fita gaba ɗaya, sai mai bindigar ya zo ya rantse tasa ce, Baba bai ma san tana nan ba. Ba ta ɓoye mini cewa kai ma ana iya tuhumarka ba, kuma wa'adin ɗaukaka ƙarar zai ƙare kafin girbi.

Ran Juma'a na je ganinsa. Ya rame, tari ya hana shi ƙarasa zance, amma ya samu ƙarfin ce mini idan na gaya maka bai yafe mini ba. Wallahi na ji tsoron kalmar nan, har yanzu ina ji. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma gara in ɗauki fushinsa yana raye da in je karɓar gawarsa a ƙofar gidan yari. Ba zan ce ka zo ba, ba zan ce kada ka zo ba. Yanzu dai ka sani.

Ka gaida Yaya Murjanatu, ka shafa mini kan Yazid da Fadila. Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri.

Ƙanwarka,
Haulatu