Koriyar Leda a Kan Akwatin Gadi

Madou, Tainan
Ana dab da bikin cikar wata na kaka

Zuwa ga Ginshiƙin Zuri'ar Lu, Fitilar da ta gama haska Madou ta wuce haska ƙasar Holan, Masanin da hotonsa ke rataye a falonmu sama da kalanda, babban yayana Sheng-kai.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, wadda na miƙo da hannu biyu duk da cewa dukansu ciwo suke, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya tare da Anti Wan-ju da 'yar lelenmu Hsiao-tung. Kakanninmu su tsare ku daga sanyin wannan ƙasa da kuma abincinta. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Baba ta yi sauƙi, ko kuma ya gaji da ambatonta. Mama na kunna maka turare kowace safiya, ni kuma tana kunna mini faɗa. Gwaggo Bi-lien ta zo taya mu aikin kaka kamar kullum, ta taho da bakinta gaba ɗaya, ba ta bar ko kaɗan a gida ba. Lemon wandan, babban lemon nan na gonarmu, ya yi albarka bana, sai dai an yi hasashen guguwa, don haka muka tsinke shi a gurguje, kuma masu saye na ta aiko da buƙata daga Taipei har Hualien.

Yanzu ka ba ni izini in gabatar da rahoton wani babban rashi da aka yi a gidanmu. Ka tuna akwatin nan da ka kafa a kabad ɗin ofis kafin ka tafi, mai gadin ƙofar intanet ɗinmu, wanda ta cikinsa komai ke bi: buƙatun masu saye, wayar shago, da na'urar buga takardun da muke liƙa wa kwalaye. Ranar tafiyarka ka dafa kafaɗata ka ce ka bar mini amanarsa. To, ma'ajiyarsa ta ciki ta riga mu gidan gaskiya. Ina nufin 'yar baƙar ƙwayar nan da ba ta fi farcen yatsa ba, wadda masu ƙera shi suka liƙe da dalma a jikin allonsa. Shekara da shekaru akwatin yana rubuta mata labarin duk wanda ya shiga da wanda ya fita, har ta ƙoshi da rubutu ta ce ba ta ƙara karɓar ko harafi ɗaya. Da farko yakan suma ya farfaɗo. Daga baya ya suma bai farfaɗo ba, ana tsakiyar ɗaure kwalaye, motar ɗaukar kaya na tsaye a ƙofa direbanta na danna oda.

Na yi ƙoƙarin bayyana wa jama'a wannan lamari cikin natsuwa. Ban kai ƙarshen jimla ta biyu ba Mama ta jawo kujera, ta hau, ta ɗauko koriyar ledar guggurun nan mai ɗanɗanon kwakwa da ka ɗora wa akwatin don ya yi biyayya, kamar yadda kowane mai hankali a tsibirin nan yake ɗora wa na'urarsa. Ta juya bayan ledar, ta ga wa'adinta ya wuce tun bara. Ta ce yauwa, ga cutar nan, wai an bar mai gadi da ruɓaɓɓen abinci sannan ana mamaki ya kwanta. Ashe amanar da ka ba ni, a fahimtarta, ta canza leda ce. Gwaggo ta ce ai A-Fan, wato ni, ko kifin ado aka ba shi riƙo sai ya nutse. Baba kuwa shawararsa ita ce a ɗan buga wa akwatin tafi a gefe, tunda haka rediyonsa ya yi shekaru yana aiki.

Gwaggo ta hau babur ɗinta ta tafi shago don ceto mu, ta dawo da leda ruwan ɗorawa, wai koriyar ta ƙare kuma ai duk gugguru ne. Yaya, da ka ga fuskar Mama. Ta tambaye ta ko so take ta kashe mu, ko a ina ta taɓa ganin fitilar na'ura ta yi ruwan ɗorawa aka yi murna. Gwaggo ta ce to ita ba boko ta yi ba, a ba ta filaya ta ciro mataccen abin kowa ya huta, haƙorin mijinta ma haka ta yi masa. Suna wannan muhawara ta ilimi ni kuma na samu sararin aiki.

Ga abin da bawanka ya yi, don tarihi ya shaida. Na sayo sabon ɗan faifai na soka a gurbin da ke cikin akwatin ba kowa, na zuba masa manhajar daga farko, na mayar da tsare-tsarenka yadda ka bar su. Na ɗauka an gama. Ina! Duk sanda akwatin ya tashi sai ya fara zuwa ƙofar marigayiya ya yi sallama, ya tsaya jiran amsa, ita kuwa ba ta amsawa, shi kuma ba ya wucewa. Ladabi irin nasa ban taɓa gani a gidanmu ba. Cire ta ba zai yiwu ba sai da wuta, kuma kuskure kaɗan allon duka ya tafi. Na shiga saitin farko-farko, na sa sabon faifan a gaba, na nemi wurin da zan kashe tsohuwar ban samu ba, masu ƙerawa ba su yi tunanin za ta mutu ba. A ƙarshe na rubuta masa umarni layi guda, cewa daga yau ya ɗauka babu kowa a wannan ɗaki, ya wuce abinsa. Gaskiya sai da na ɗan ji wani iri. Ta yi mana hidima tun ina sakandare, ga shi tana nan a liƙe, ba a binne ta ba, ba a kuma gaishe ta.

Na danna maɓalli na ja da baya. A daidai wannan lokaci, ba kafin ba, ba bayan ba, Mama ta shigo tana haki da sabuwar koriyar leda da ta samo a ƙauyen gaba. Ta ture ni da gwiwar hannu, ta ɗora ta, ta shafa kan akwatin ta ce masa ya yi haƙuri, yaron ne ba shi da tarbiyya. Fitilu suka kama, kore shar, ɗaya bayan ɗaya. Na'urar buga takardu ta yi tari ta fara aiki. Ma'aikata suka yi tafi. Gwaggo ta ce kun gani ko, wani ya wuni yana ƙwaƙule-ƙwaƙule, leda ta zo ta gama magana cikin ƙiftawar ido. Na buɗe baki, Baba ya ce in rufe kada ƙuda ya shiga, kuma tunda akwati ya samu mai kula da shi, babu dalilin da ƙato zai zauna cikin sanyin ofis alhali kwanduna na jira a gona.

Shi ya sa nake rubuto maka da bayan da ba ya miƙewa. Tun daga ranar nake dakon lemo, ina warin ɓawo har cikin barci. Mama ta kulle kabad ɗin ta rataya makullin a wuya, wai kada wani ya dami ledar. Ni kuwa aikin bai ƙare ba. Ban rage wa akwatin yawan rubutun nan da ya kashe ma'ajiyar farko ba, kuma idan ya sabunta kansa yana iya manta umarnina ya koma sallama a ƙofar gawa, watakila ranar jajibirin biki. Na faɗa, an ce in ɗauki kwando.

Saboda haka, ya mai girma, ga dalilin wannan doguwar takarda. Ba na neman kyauta daga Holan, ba na neman a sauke hotonka. Idan ka kira Mama ranar Lahadi, bayan ta gama tambayar ko kana cin shinkafa, ka ce mata A-Fan ne ya gyara akwatin. Kada ka taɓa mutuncin ledar, ka ce tare muka yi. Daga bakinka za ta yarda, ta ba ni makullin ko na rabin wuni ne.

Ka gaida Anti Wan-ju, ka ja mini kunnen Hsiao-tung a hankali. Baba da Gwaggo suna gaisuwa, mijinta Kawu Te-wang ma ya ce a gaishe ka da sauran haƙoransa.

Ƙaninka, Mataimakin Koriyar Leda,
Lu Yi-fan