Ba Komai, Gajiya Ce

Litinin, 14 ga Afrilu, 2025
Ciwon kan nan ya dawo. Ɓarin hagu, daga ido har ƙeya. Ina cikin haɗa turaren wutar amaryar gidan Alhaji Yero na fara ganin walƙiya-walƙiyar nan. Na ɗaure kai tamau da ɗankwali, na ƙarasa aikina. 'Yata Yasmin ta tambaya, na ce ba komai, gajiya ce.

Alhamis, 17 ga Afrilu
Gift maƙwabciyata, da yake nas ce, wai ciwon ɓarin kai ne, yana da magani, wai ƙamshi ma na tayar da shi. Ji mini mata. Da turaren nan na rufa wa kaina da 'yata asiri a unguwar Fadaman Mada tun rasuwar babanta. Na ce mata lafiyata ƙalau.
Abin da ban faɗa mata ba, tsoro nake ji. In suka ɗauki hoton kaina suka ga wani mugun abu fa? Baban Yasmin da ƙafarsa ya shiga asibiti, ɗauko shi aka yi.

Asabar, 26 ga Afrilu
Cokali kawai ya suɓuce wa yarinyar nan, na yi mata tatas. Har da cewa ita za ta kashe ni. Yanzu sanɗa take yi a gidan ubanta. Ita ma dai ta cika ɓaruntu. A'a. Ba ta cika ba.

Laraba, 30 ga Afrilu
Yau garau. Ai na faɗa, zafin gari ne.

Lahadi, 4 ga Mayu
Yasmin ba ta je Islamiyya ba. Na leƙa ɗakinta da faɗa a bakina. Labule a sake, tana kwance fuskarta na kallon bango, ta ɗaure kai da ɗankwalina, ƙullin a gefen hagu kamar yadda nake yi. Ta yi amai a bokiti ta tura shi ƙarƙashin gado.
Na ce Yasmin, tun yaushe? Ko juyowa ba ta yi ba. "Ba komai Mama, gajiya ce."
Ashe tun kafin azumi take fama. Wai kar ta ƙara mini damuwa. Shekararta sha biyar. Na zauna bakin gadon. Na ji kunya, wallahi na ji kunya.

Litinin, 5 ga Mayu
Na fitar da kaskon turare bayan gida, saboda yarinyar. Gift za ta raka mu asibiti gobe. Ta ce kati nawa za ta yanka mana.
Na ce biyu. Tunda dai zan je raka Yasmin.