Gulbi a Ɗakin Badariya

Badariya, Birnin Kabi,
Jihar Sakkwato, 1984.

Zuwa ga Laure, sanyin idona, furen bado mai buɗewa da hantsi, iskar damina mai kwantar da shinkafa, matata, uwar ɗiyata!

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ke da jaririya da su Inna kuna lafiya.

Laure, arba'in ta wuce tuntuni, an kashe wutar wankan jego, amma ba ki dawo ba. Da yayanki Labbo ya taho kasuwa na tsare shi har ya faɗa mini gaskiya: wai kin ce ɗakin nan duhu gare shi, taga ɗaya tal, kuma ke da kika tashi ƙofar gidanku na kallon gulbin Argungu ba ki iya zama inda ido ba ya ganin ruwa. Ban yi fushi ba. Ina zan samo fushi, ni da na sha dawowa daga ofis in tarar kin buɗe randa kin zura mata ido?

Na nemi a maida ni aiki Argungu, daga Sakkwato aka ce in dakata. Su dakata, ni ba zan dakata ba!

Maƙwabcinmu Ephraim, mai yanka gilashi, ya haɗa mini akwatin gilashi mai riƙe ruwa, na ajiye shi daf da tagar. Farko na zuba laka zalla, na dasa bado, na saki kifi, 'yar gargaza. Kaico! Gargaza ta tone lakar, ruwa ya koma kamar kunu, bado ya nemi rana ya rasa, ya ruɓe. Na gwada kainuwa, ta rufe saman ruwa, ta tare ɗan hasken da ke akwai. Na kwashe komai na zubar, na sake daga farko.

Wannan karon na ɗebo laka daga fadamar Zauro, na shanya, na tankaɗe, na shimfiɗa ta kaɗan a ƙasa don saiwa ta samu abinci. A kanta na zuba yashi mai kauri, yashin mashayar da kuke wanki, wanda na roƙi Labbo ya aiko mini a buhu. Na wanke shi, na sake wankewa, har hannuna ya yi fari, har ruwan ya fita garau kamar idonki.

Saura abin dasawa. Kin tuna yammar da Baba, mahaifinki, ya bar mu muka shiga jirgin ruwansa, kina tuƙi ina riƙe da bakin jirgin don tsoro, kina ta dariya? Da muka shiga ƙarƙashin itacen giyayya, inda inuwa ta kwanta kan ruwa, kika tsoma hannu har kafaɗa, kika fito da wata ciyawa mai siraran ganye kamar gashi, kika ɗora mini a ka. Ruwa na bin wuyana, ni kuwa ke nake kallo. Wayyo Laure, ranar na san na kamu!

Ita wannan ciyawa na je nema a Zauro. Na shiga ruwa har ƙirji, matsattsaku suka sha jinina, na bar duk abin da ke son rana, na bi inuwa kawai. Na same ta, da wata mai dogon ganye kamar igiya wadda na soka saiwarta cikin yashi. Yau duk sun yi sabon toho, kore shar, ga 'yan ƙananan kifin kawara na gilmawa tsakaninsu. Da hantsi, in haske ya ratso, bangon ɗaki rawa yake. Wa zan nuna wa? Wa zai tsaya kusa da ni ya gani?

Na sani ba gulbi ba ne. Ba ya ƙamshin gulbi, ba a jin muryar masunta. Amma ki taho ki gani, ki goyo yarinyar nan ta buɗe ido a kansa.

Ranar Juma'a ina tafe, da kaina zan durƙusa gaban Baba. Ki haɗa kayanki. Ki zauna da ni damina ɗaya. In har ƙirjinki bai sake ba, wallahi zan ajiye aikin gwamnati, in bi ki Argungu, in roƙi Baba ya koya mini kamun kifi da homa, ko da yaran mashaya za su yi mini dariya har in yi furfura. Ɗaki zan iya bari, aiki zan iya bari, ke ce ba zan bari ba.

Naki ni kaɗai, yau da gobe, har ranar da za a ɗauke ni a makara,

Abdussamadu