Man Kifi a Ƙafafun Jirgin Baba

Samaru, Zariya

Yaya Ishaku,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin naka, ya Anti Rahila da yara, ya kuma ruwan Fatakwal? Mu nan da sauƙi, sai dai labarin ba daɗi.

Ranar Asabar ƙafafun ƙaramin jirgin ƙasa na wasa da Baba ya bar mini suka fara ƙara. Man keken ɗinki ya ƙare, na ji ƙyuyar zuwa Sabon Gari. Uwargidana Ladi ta ce, "Haba, mai ai mai ne," ta miƙo mini ragowar man gwangwanin kifi. Na shafa.

Ina kunna jirgin kyanwata ta ji ƙanshi, ta dira kan layin dogo ta cafke injin. Karenmu Zaki ya afka mata. Ya kama wuyanta, ya girgiza, ya maka ta da bango, ita kuma ta yage masa ido. Jini har kan tashar da Baba ya sassaƙa. Sai da na rafka masa taɓarya ya saki. Kyanwar ba ta kai yamma ba.

Ladi ta rantse karen da ya ɗanɗana jinin gida ba zai zauna da yara ba. Har ta kira masu sayen karnuka daga Basawa. Na ce a jira amsarka, tunda kai ka kawo shi yana kwikwiyo. Ka amsa da wuri, Yaya. Yana ɗaure, ido ɗaya, in na wuce sai ya kaɗa mini wutsiya.

Ka sa mu a addu'a. A gaida kowa.

Ƙaninka,
Bulus