Baba Ya Koma Koyon Numfashi

Nashik, Indiya, 9 ga Maris

Zuwa ga ƙanena Sudhakar,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anagha da yara. Ubangiji ya ƙara muku lafiya, ya kare ku daga sanyin ƙasar nan da kuke. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami. Tun ciwon huhun da ya yi bara numfashinsa bai koma daidai ba. Dattawan ɗakin bautarmu suka ce in har bai iya busa katantanwar tekun da ake busawa lokacin ibada ba kafin bikin watan gobe, za su miƙa wa wani aikin. Shekara arba'in da ɗaya yana busa ta kowace safiya, Sudhakar! Ka san Baba da taurin kai. Sai ya shige ɗaki ya toshe hanci, wai yoga yake, yana riƙe numfashi yana ƙirge kamar saurayi. Ina murza gurasar chapati na ji tim. Na same shi a ƙasa, goshi ya fashe. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi masa faɗan da ban taɓa yi ba.

Washegari na ja shi wajen Malama Kusum, tsohuwar nan mai koyar da yoga a bakin kogin Godavari. Ta hana shi riƙewa, ta hana shi ƙirge. Ta ce ya zauna kawai ya lura da yadda iska ke shiga da fita da kanta, kada ya gyara komai. Baba ya harzuƙa, ya ce shekararsa saba'in yana numfashi ba da izininta ba. Ta yi dariya, ta ce to a cikin saba'in ɗin sau nawa ya tsaya ya saurara? Ya dawo gida yana ta mita, wai an mai da shi jariri.

Amma ya zauna. Kullum da hantsi, a kan tabarma, fuska a murtuke. A rana ta goma sha biyu na kai masa shayi, na tarar hawaye na zuba. Ya ce, "Mrunal, ashe tun da uwarku ta rasu ban bar numfashi ya fita duka ba." Na ajiye kofin na zauna kusa da shi, ni ma na yi kukana.

Yanzu kafaɗunsa sun sauka, cikinsa na motsi in yana numfashi. Malama ta fara ƙara masa darasi kaɗan-kaɗan. Jiya ya ɗauki katantanwar ya busa. Sautin gajere ne, yana rawa, amma maƙwabciyarmu ta leƙo ta taga ta haɗa tafukanta don girmamawa. Saura mako huɗu a yi bikin, kuma ina da kyakkyawan zato.

Ka gai da Anagha, da Ishaan da ƙaramarsu Mukta. Kawu Vinayak yana gaishe ka. In ka kira ranar Lahadi, kada ka tambaye shi ƙirjinsa. Ka tambaye shi Mama, yanzu yana iya ambaton sunanta.

Yayarka mai kewarka,
Mrunal